Hausar Mamata

Bayan yaƙin basasa na sami aiki a wata ƙaramar maɗaba'a a Kafanchan, ina duba kurakurai kafin a buga. Manajanmu, wani dattijo tsohon malamin makaranta, yakan yi mini dariya don ina cewa "ya" inda ake cewa "ta". A gida yaren Jaba muke yi.

Wata rana aka kawo littafin wani marubuci da ya daɗe da rasuwa, za a sake bugawa. Manoma ne a ciki, kowa yana magana da irin bakinsa, marubucin bai gyara wa kowa ba. A tsaye na karance shi.

Sai na rubuta labarin mamata da gonar cittarta a Kwoi, da Hausarta yadda take yin ta. Manaja ya duba ya ce, "Yarinya, wannan Hausar sai an wanke ta."

Na ce, "Baba, haka mamata take magana. In ba za a buga haka ba, a ba ni kayana."

Ya miƙo mini. Na hau jirgin ƙasa na kai shi wata maɗaba'a a Kaduna. Can ma aka ƙi, ni kuma na ƙi gyarawa.