Kumfa a Kwanon Baba

A Jarwal, wata unguwa a Makka, na tashi, cikin shekarun 1960. Bayan magariba Kaka takan zauna gaban murhun gawayi a saman bene, shayi na tafasa, mu jikoki mu kewaye ta. Akwai maraicen da har yau nake jin nauyinsa.

Babana kafinta ne. Ya sayo katakai daga Jidda, aka ce masa farin ballut ne, itacen ƙasashen sanyi mai nauyi, wanda ruwa ba ya ratsa shi. Da su ya haɗa wa wani mai masaukin alhazai babbar gangar ruwa, jibi za a cika ta. In ta yi yoyo, ya gama samun aiki a unguwar. Da rana Kaka ta shafa katakan, ta ga wasu sun ɗan fi ja, ta yi shiru. Baba ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta gyara masa sana'a.

"Ku matso, ga ta nan tafe," in ji Kaka a wannan maraicen, da ƙarfi fiye da kullum. Baba na gefe yana wasa gizago.

Wai wasu itatuwa ne 'yan'uwa, Fari da Ja, kamarsu ɗaya. Fari duk abin da aka zuba masa sai ya riƙe, Ja kuwa cikinsa ƙofofi ne. Wani masassaƙi a Sawakin, garin bakin teku a Sudan, zai yi jirgin alhazai, Ja ya rantse masa shi ne Fari. Suna tsakiyar teku ruwa ya fara tsattsafowa ƙarƙashin ƙafafun mata.

"Sai me, ya Sitti?" in ji ƙanwata, don haka muke kiran Kaka da Larabci.

"Sai wata tsohuwa ta ce, da masassaƙi ya tsoma guntu a ruwa ya hura ɗaya bakin, da kumfa ta tona maƙaryaci."

Gizago ya tsaya. Baba ya sauka, ya dawo da guntayen katakan da kwanon ruwa. Ya hura na farko, shiru. Na biyu, shiru. Na uku sai kumfa ta taso. Bai dubi Kaka ba, ita ma ta ci gaba da fifita wuta. Washegari ya warware gangar, ya canja katakai huɗu.

Daga baya na ga masu haɗa ganga a Faransa da masu sassaƙa jirgi a Turkiyya, kowa da yadda yake gwada itace, na daɗe ina zaton darasin na katako ne. Sai ranar da nawa ɗan farin ya kama hanyar da na san ba ta ɓullewa. Na buɗe baki, na kasa. Na aika a kira mini 'ya'yansa su zo tatsuniya, shi yana gefe.