Digar Baba Gado

Ranar Talata, 11 ga watan Maris na shekarar 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baba Gado Ishaya a gidansa na Tsibiri, bayan jinyar sati uku. Ya rasu yana da shekara saba'in da takwas. Ina cikin aji a lakwal ɗinmu ta Sabon Gari aka kira ni, na ajiye alli na fita, ko sallamar ɗalibai ban yi ba.

Baba, ƴan ikkilisiya sun san ka dattijonsu. Manoman rani na Jiratawa sun san ka mai rabon ruwa, shekara ashirin kana buɗe ƙofofin kanal kowa da ranarsa, ba a taɓa jin ka karkata ga wani ba. Amma abin da gari duka ya san ka da shi digar nan ce da kake ɗaurewa a bayan keke. Da an ce an yi rasuwa, kafin a gama wanka kana maƙabarta. Ba ka tambayar gawar ta masallaci ce ko ta coci. In ta Musulmi ce, ka haƙa, ka fito, ka kakkaɓe rigarka, ka koma gindin itacen bedi ka tsaya shiru har a idar da salla a rufe.

Ni Hamidu, a gidan Musulmi aka haife ni. Ina da shekara ashirin da huɗu na bi Almasihu. Yayana Mustafa ya daina yi mini magana daga ranar. Innarmu Tsahara ta yi shekara guda tana kuka, sannan ta share hawaye ta ci gaba da aiko mini da furarta Maradi kamar yadda ta saba. Ba ta taɓa barin sallarta ba, ba ta kuma taɓa barina ba. Da ta rasu shekara tara da suka wuce, na iso Jiratawa na tarar da kai cikin kabarinta har ƙugu, gumi ya jiƙa maka baya.

Ran Lahadin da ta biyo, wani baƙon mai wa'azi ya tsaya a gabanmu ya ce duk wanda ya mutu bai furta sunan Yesu da bakinsa ba, to ya halaka, babu ja, babu tambaya. Kwana biyar kenan da binne uwata! Na tashi na fita ana kallona. Wata biyu ban taka coci ba. Daga ƙarshe na hau moto na same ka a bakin kanal, kusa da gonar zogalenka, na zo da faɗa a bakina. Na ce ka gaya mini gaskiya, Inna tana wuta? In e ne, to na bar muku addinin, don ba zan shiga aljannar da aka kori matar nan daga ƙofarta ba.

Na san abin da nake so in ji. So nake ka ce addinai duk ɗaya ne, kowa ya bi nasa zai isa. Kai kuwa ka ƙi. Ka ce, “Wagga magana ban yarda da ita ba, Hamidu. Tsahara ma da ta ji ka faɗe ta, da ludayi za ta bi ka.” Ina cikin fushi sai da na yi dariya, don wallahi haka za ta yi. Ka ce ceto ta wurin Almasihu yake, shi kaɗai, a kan wannan ka tsufa, a kansa za ka mutu.

Sannan ka nuna mini wata ƴar gonar albasa can ƙarshen layi, ranar ba ranar ruwanta ba ce, amma ga ƙasarta jiƙe sharkaf. Ka ce, “Ruwan nan duka famfo guda ke ba da shi. Aikina in buɗe ƙofa. Amma na sha ganin gonar da ban buɗe wa ba ta sha, ruwa ya bi ta ƙarƙashi inda idona bai kai ba. Ban ce maka ta tsira ba, ban ce maka ta halaka ba. Ni na haƙa kabarinta, na san tsawonsa, na san zurfinsa, nan sanina ya tsaya. Wanda zai yi mata shari'a ya fi ka sonta.” Ran Lahadi na koma coci na zauna a bayanka.

Maganar nan ta jawo maka surutu, ba zan ɓoye ba. An kai ka gaban dattawa, an ce kana sassauta bishara, in haka ne don me za a yi wa'azi. Ka ce mai rabon ruwa ba ya daina buɗe ƙofa don ya ga wata gona ta jiƙe da kanta. Faston namu har yau yana kan ra'ayinsa, cewa sai an ji an furta. Mutumin kirki ne, ba don ƙin kowa yake faɗa ba, tsoro yake kada a yi sakaci da rayukan mutane. Shekara tara kuna wannan muhawara, kuna kuma cin tuwo a kwano ɗaya. Ni dai na tsaya inda ka tsaya, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ranar da aka binne ka azumi ya kai kwana goma sha ɗaya, rana kuwa tana dukan tsakiyar kai. Matasan coci suka iso maƙabarta da kayan haƙa, suka tarar an riga su. Manoman Jiratawa ne, sun fi talatin, da azumi a bakinsu, suka ce ba mai taɓa ƙasar nan sai su. Na leƙa ramin, na ga yaya Mustafa a ciki da digarka a hannu. Da muka fara addu'a da waƙa, suka ja da baya suka tsaya gindin itace, shiru, daidai yadda ka saba yi musu.

Bayan an rufe, yaya ya zo inda nake. Shekara ashirin da ɗaya rabon da ya kira sunana. Ya ce, “Hamidu, malamanmu sun ce ba a nema wa wanda ba Musulmi ba gafara, ban kuwa nema ba. Amma tun da na ji rasuwarsa nake tambayar kaina ina mutumin nan za shi, na rasa amsa.” Baba, tambayata ce sak, wadda na kawo maka bakin kanal. Na ce, “Yaya, kai ka haƙa. Ka san tsawonsa, ka san zurfinsa. Bar sauran ga Mai shi.” Sai ya miƙo mini digar. Da na kai wa Mama Rifkatu, matarka, ta ce in riƙe, ita ba ta iya haƙa ba. Tana ɗaure a bayan motona yanzu, kuma ranar Asabar da ta wuce ni da yaya muka haƙa kabarin wani tsoho a Jiratawa.

Allah ya yi maka jinƙai, Baba Gado, ya ba ka hutu a wurin Ubangijin da ka bauta wa ba fashi. Allah ya ba Mama Rifkatu haƙuri, da ƴaƴanka Bulus da Atika, da jikoki, da ikkilisiyar Tsibiri, da manoman Jiratawa da suka haƙa maka da ƙishirwa a maƙogwaronsu. Na danƙa ka a hannun Allah. A wannan hannun na danƙa Innata Tsahara, kuma hankalina kwance yake. Amin.