Kunnen Muntari da Robar Bala

A duk faɗin Sharada babu injin da ya taɓa ɓoye wa Muntari bakanike ciwonsa. Wannan magana kowa ya yarda da ita, domin Muntari ne ya fara faɗar ta, kuma yana maimaitawa kullum.

Ya yi shekara tara yana kula da janaretan wata masaƙa. Da aka rufe ta a 2001 ya buɗe gareji a bayan katangarta. Aikinsa da kunne ne. Yakan ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido. Kuma ba ya gwada mota sai da sanyin safiya, kafin masana'antu su tayar da janareto, don a cewarsa inji ba ya faɗin gaskiya cikin hayaniya.

Babban mai kawo masa aiki shi ne Alhaji Yelwa, mai kamfanin bokitan roba. Motocinsa shida na rarraba kaya duk a hannun Muntari suke. A 2004 Muntari ya ciro tobo, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, daga wata motar da ta yi hatsari ya ɗaura wa tsohuwar motar hawan Alhajin, ta koma tana wuce tireloli a hanyar Challawa kamar suna tsaye.

Bayan shekara biyu motar ta fara wani hali. Tana cikin gudu sai ƙarfinta ya zube, Alhaji ya taka totur har ƙasa, 'yan acaɓa suna wuce shi suna waiwaye. Washegari da safe Muntari ya gwada, ya ji ta lafiya lau. Ya canja fulogi, ya wanke tanki, ya sake famfon mai. Ya zargi masu sayar da fetur a galan.

"Malam Muntari," in ji Alhaji, "akwai wani a Bompai mai duba mota da kwamfuta. Idan Juma'a ta wuce, can zan kai ta, da sauran shidan."

"Ranka ya daɗe, kwamfuta ba ta da kunne."

"Ita ma motar ba ta da ƙarfi."

Ranar Alhamis Muntari ya karya dokarsa. Ya shiga motar bayan azahar, lokacin da Alhaji yake fita, ya bi cunkoson Dakata har injin ya ɗau zafi. Da hanya ta buɗe ya taka, sai ƙarfin ya zube, ya kuma ji wani siririn fito daga ƙarƙashin bonet. Ya komo gareji da sauri ya buɗe tun injin yana tururi. Tiyon da ke kai iska daga tobo zuwa inji an ɗaure bakinsa da robar tayar mota. Idan ta yi sanyi sai ta kama gam, idan ta ji zafi sai ta saki, iska ta tsere.

Muntari ya ɗaga robar sama don maƙwabta su gani.

"Ku dubi aikin jahilci. Wanda ya yi wannan bai kamata a bar shi ya riƙe sifana ba."

Bala mai faci, maƙwabcinsa, ya karɓa ya jujjuya ta.

"Wannan yankana ne, Malam. Kai ka karɓa a wurina ranar da ka ɗaura tobon. Ka ce zuwa gobe kawai."

Muntari ya ce robobi suna kama da juna. Ya ɗaure tiyon da kilif na ƙarfe, Alhaji ya zagaya Dakata da rana tsaka ya dawo yana murmushi, motoci shida suka zauna a Sharada. Har yau Muntari yana ba da labarin yadda kunnensa ya kayar da kwamfutar Bompai.

Bai je kasuwa neman kilif ɗin ba. Yana rataye a ƙusa a bangon garejin, cikin ledarsa, tun 2004.