Hancin Hiltrud

Shekara ashirin da shida ina suya a gidan abincin Ottmar, a ƙauyenmu na yankin Pfalz, ƙasar manoman inabi, kuma ban taɓa yaudarar kaina cewa don girkina ake zuwa ba. Don hancin ƙanwarsa Hiltrud ake cika gidan. Ita ke zaɓa wa kowa giyar inabi. Ta sunsuna faranti, ta sunsuna kwalba, magana ta ƙare: tumbin alade da kabeji mai tsami sai farar giya mai kaifi, naman barewa sai ja. In ka yi gardama ta ɗauke kofinka ta ce, "Sha ruwa, bawan Allah, bakinka bai kai ba."

Shi kuwa Ottmar zuciyarsa a kusa take. Ranar da ya buɗe sabuwar gangar giya, ya tara dillalai daga birni, ya cika babban kofin da ake zagayawa da shi, kowa ya kurɓa ya miƙa. Ina tsaye da kasko kofin ya iso wurin Hiltrud. Ta kai hanci, ta ajiye.

"Yaya, giyar nan ta lalace. Warin jiƙaƙƙen buhu take yi."

"Sha ki miƙa."

"Ba zan miƙa wa baƙi wannan ba."

"A gidana za ki tona min asiri, 'yar banza?"

Gudumar katakon da ya buɗe gangar tana hannunsa. Ya sauke mata ita a tsakiyar fuska, ƙashi ya ce ƙaras, jini ya wanke teburin. Ya sake ɗagawa, na maka masa kasko a ƙeya ya kife. Har gobe ina baƙin cikin ban riga shi ba.

Kotu ta ɗaure shi. Likita ya ɗora hancin ya miƙe sarai, amma jin ƙamshi da wari ya tafi ke nan.

Bara na sami Hiltrud a wata mashaya kusa da tashar jirgi, tana haɗa wa 'yan mata giyar cakulan: awo biyu na giyar, ɗaya na madara mai kauri, ƙanƙara, a girgiza, a kankare cakulan a kai.

"Wannan ko jaki ya iya, Gernot," in ji ta, tana dariyar da ba ta kai ciki ba. Sai ta waiga, ta rage murya, ta turo min kwalin madarar. "Don Allah sunsuna min. Tana da kyau?"

Tun daga bakin ƙofa nake jin warin madarar.