Farin Yadin da Ke Akwatin Baba

Ni tela ne, ɗan tela. A Unguwar Shanu na tashi, a shagon mahaifina, kuma kafin in cika shekara ashirin babu wanda ya kai ni iya wuyan jamfa a layinmu. Baba ba mai yawan magana ba ne. In na gama ɗinki sai ya juya rigar ya duba cikinta, ya ce, "To, ba laifi." Wallahi har yau ina kewar wannan "ba laifi".

Wani azumi aiki ya yi mana yawa, bayana ya riƙe. Bayan shan ruwa wani abokina tela ya miƙo mini ƙwaya, ya ce, "Haɗiye, malam. Yanzu waye ba ya sha? Har matan aure." Na haɗiye, na ji kamar an sake mini sabon baya. Salla ta wuce, ƙwaya ba ta wuce ba. Daga ita na koma kan kwalbar kodin.

Kuɗin ɗinki ya daina isa ta. Na fara rage yadin mutane, a kawo biyar in ɗinka da huɗu. Daga baya sai in sayar da shaddar ɗungurungum. Mu teloli dama an san mu da "gobe ka dawo", sai na ɓuya a bayanta.

Wata rana da hantsi na buɗe akwatin Baba, na ga farin yadi a naɗe. Na san ko mene ne. Likkafaninsa ne da ya sayo a Makka, ya wanke da zamzam, ya adana shekara da shekaru. Na cusa shi cikin riga na fita. Kwalba uku aka ba ni a kansa.

Shaddar wani ango ce ta kai ni gidan yari, shekara biyu. Sau ɗaya Baba ya zo. Ya dube ni ya ce, "Ka rame. Kana salla?" Na ce ina yi. Maganar yadin ta zo bakina, na danne ta, na ce a raina sai na fito.

Saura wata huɗu in fito ya rasu. Ranar da na dawo yayata ta ba ni labari: an gama yi masa wanka, aka buɗe akwati ba a ga komai ba, jama'a na jira a ƙofar gida, sai da aka ruga kasuwar Kawo aka yanko wani. "Inna cewa ta yi ƙila ya bayar sadaka ne," in ji ta, ba ta kalle ni ba.

Na tuba, na bar sha, na koma kan keken ɗinki. Waɗanda na ci wa yadi na bi su gida-gida, galibinsu sun yafe. Mutum ɗaya ne ba ni da inda zan je in yi masa sallama.

Samari, duk wanda ya miƙo muku ƙwaya wai don ƙarfin aiki, ku mayar masa da abarsa. Wanda kuma ya riga ya faɗa, in iyayensa na da rai, ya tashi yau ya je ya durƙusa ya faɗi abin da ya ɗauka. Ni jira na yi.