Ranar da Alhaji Laminu Ya Tuna An Biya Shi

Har yau ban manta da ranar da na ɗauki dosiye, fayil ɗin shari'a, na nufi Waca don in tunatar da Alhaji Laminu abin da ya riga ya sani ba. Ku da kuka fara aiki bana ku saurara, don irinsa ba su ƙare ba.

Lokacin ina shekara ta uku da zama sakatariya a biro, wato ofishin hushe, a Magariya. Hushe shi ne mai zartar da hukuncin alƙali. In an ce wane ya biya wane, mu ke kai takarda, in bai biya ba mu rubuta kayansa. Kayan suna nan a gidansa, amma ba shi da ikon sayarwa sai an ɗage, kuma ba a ɗagewa sai mai bin bashi ya sa hannu cewa an sallame shi.

Wanda abin ya shafa Malam Habu ne, manomi daga Yekuwa. Ya ci bashin taki wurin Alhaji, damina ta yi gardama, alƙali ya yanke masa jaka ɗari da tamanin. Muka rubuta bijiminsa da amalanke. Da kaka ta gaba ta yi kyau ya biya tsaf, amma maimakon ya kawo biro sai ya kai wa Alhaji hannu da hannu, sau uku, babu rasi, takardar shaidar biya, ko ɗaya. Da na tambaye shi dalili, ya ce nauyi ya ji ya nemi takarda wurin mutumin da ya je Makka sau biyu. Ga tsohuwarsa an ce a kai ta Damagaram aikin ido, ga mai sayen bijimi ya samu, ga takardarmu ta tare hanya.

Metir, wato maigidanmu, ya aika wasiƙa biyu, shiru. Ya buga waya aka ce Alhaji yana Kano, alhali ana jin tarinsa a gefe. Sai ya miƙo mini dosiye ya ce in gwada, tunda ni ba na gajiya da surutu.

A taksi ne Malam Habu ya gaya mini cewa kowace ranar kasuwa shi ke yi wa Alhaji dakon buhuna kyauta da amalanken nan, ko zai ji tausayi ya sa hannu. Nan na gane me ya sa hannun ya yi nauyi.

Muka sami Alhaji a mangaza, shagonsa na hatsi, carbi a hannu. Ya karɓe ni da fara'a, ya kira ni ɗiyata, ya ce ma ya san kawuna. Ina fito da takarda sai tsufa ya kama shi. Bai ce ba a biya shi ba. Cewa ya yi shekaru sun ja, masu kawo masa kuɗi suna da yawa, ba zai sa hannu kan abin da bai tabbatar ba.

Na ce ba komai, tunda bai tuna ba, a wurinmu ba a biya ba, sai mu ɗauko bijimi mu yi gwanjo. Fuskarsa ta washe. Malam Habu kuwa, da ban gaya wa komai ba, ya jingina da buhun masara yana salati. Na juya bayan takarda na fara lissafi da ƙarfi, na ce mai bin bashi ke fara ajiye kuɗin aiki. Na sa mota, na sa mai shela, na sa mai gadi, na sa harawa da dusa na wata biyu, don gwanjo ba ya sauri. Na ƙara da cewa Malam Habu zai yi musu, alƙali kuma zai kira kowa ya dafa Alƙur'ani.

"Jaka saba'in ke nan, Alhaji, kuma yau."

"Daga aljihuna?"

"Daga aljihunka. In an sayar a mayar maka, in kuɗin sun kai."

Ya dubi rufin kwano. Can ya ce, "Habu, ba kai ne ka kawo mini wasu 'yan kuɗi bayan Sallah ba?"

Daga nan sai ga komai ya dawo. Ya tuna biyan farko, ya tuna na biyu, har ya tuna a na uku akwai takardar jaka biyar da aka liƙe da salatif. Ya sa hannu, ya dangwala yatsa, na sa maƙwabcin mangazarsa ya yi shaida. Ina haɗa takardu ya tambaye ni ko akwai ɗan abin da ake ba wanda ya sa hannu.

Da na koma, Metir ya karanta lissafina ya ce bai taɓa ganin dusa cikin tarif, jadawalin kuɗin aiki, ba. Ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya ce kada in sake, ya kuma buga tampon, wato hatimi, aka ɗage. Sati na zagayowa Malam Habu ya sayar da bijimi, aka yi wa tsohuwa aiki. Ya kawo mini ƙwan zabi ashirin, Metir ya kwashe sha biyu.

Abin da na koya shi ne shari'a ba ta ƙarewa ranar da aka biya, sai ranar da aka rubuta an biya. A aikin nan ban taɓa ganin wanda ya manta abin da yake bi ba, mantuwa sai kuɗi sun shiga aljihu take farawa. Don haka duk wanda ya zo muku da hukunci a kansa, ku ce ya kawo kuɗin nan biro. In ya nace sai ya kai da kansa, ko limamin garinsu ne ke bin sa, kada ya saki kuɗin sai rasi ya shiga ɗaya hannun.