Hukuncin da Mai Gilashi Ya Rubuta da Biro

A layin masu walda da kafintoci akwai wani shago da ba a shigarsa da gaggawa. Manyan gilasai ne jingine da bango hagu da dama, wasu sun fi mutum tsawo, duk wanda ya shigo sai ya ga kansa sau biyar ko shida yana tahowa. Mai shagon ya fara aikin a hannun mahaifinsa tun yana ɗan shekara sha huɗu. Abin da tsohon ya fara koya masa shi ne, layin yanka sau ɗaya ake jan sa. In ka koma ka sake bin layin, gilashin zai tsage ta inda ya ga dama. Yanzu ya haura hamsin, yatsunsa duk tabo, ba ya dariya da ƙarfi, ba ya kuma sauya magana.

Akwai wani wasa da ya shigo hannunsa ta wajen wani malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki, ya bar masa kwali ajiya bai dawo ba. A ciki akwai littafi mai kauri da ƙwayoyi irin na lido, amma wata fuskarta takwas, wata ashirin. Ba allo ake bi ba. Kowane ɗan wasa yana da mutuminsa a takarda, maharbi ko mai garkuwa ko mai warkarwa, kowane rukuni da baiwarsa a rubuce. Mutum ɗaya ne ke ba da labarin ƙasar da suke yawo a cikinta, shi ne kuma ke yanke hukunci inda littafin ya yi shiru. Mai gilashi ya ɗauki wannan kujerar, tun daga nan abokansa suke ce masa Alƙali.

Yana da wata ɗabi'a da babu ita a littafin. Duk hukuncin da ya yanke, sai ya rubuta shi a gefen shafin da biro, ya sa kwanan wata. Abin da ya shiga gefen shafi ya zama doka a kan kowa. Saboda haka ne teburinsa ya shekara sha biyar ba a taɓa tashi da faɗa ba.

Duk Asabar da yamma suke haɗuwa a ɗakin baya, kan teburin yanka da aka shimfiɗa wa tsohon bargo. Akwai Dogo mai walda, akwai Nas da ke zuwa kai tsaye daga asibiti, ita ke riƙe da mai warkarwa. Da can akwai mijin yayar Alƙali, direban bas, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana wasa da mai garkuwa guda ɗaya. Da ya rasu, bayan wata biyar, Yaya ta shigo shagon da takardarsa a cikin leda.

"Auta, matsa min kujera," ta ce wa ƙanin nata. "Mutumin nan ba zai zauna a durowa ba."

Ba ta san dokokin ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Takardar ce ta dame ta. Rubutun mijinta ne a kanta, karkatacce, da wurin da ya goge lamba har takardar ta huje, da zanen garkuwa mai kama da murfin tukunya. Shekara biyu tana jefa ƙwaya a madadinsa.

Ranar da abin ya faru hadari ya taso tun da rana. Suna tsakiyar wasa aka ɗauke wuta, sai hasken taga mai launin toka, gilasan da ke jingine suna kaɗawa a hankali duk lokacin da iska ta bugi ƙofa. A cikin labarin, mutanensu suna ƙarƙashin ƙasa a wani tsohon kurkuku, fitilarsu ta faɗa ruwa ta mutu, wani abu kuma yana bin su a duhun. Mai garkuwa ya tsaya a bakin matsatsin hanya don sauran su wuce. Alƙali ya jefa ƙwaya a madadin abin da ke bin su, a gaban kowa, kamar yadda ya saba. Ta tsaya a kan ashirin, lambar bugu mafi muni.

Dogo ya yi fito a hankali. Alƙali ya lissafa raunin sau biyu, sannan ya ce, "Mai garkuwa ya faɗi."

"To ya tashi mana," in ji Yaya.

Nas ta yi saurin jawo takardarta. "Kwantar da hankalinki, Yaya, ina da Riƙon Numfashi, ban taɓa shi ba tun da muka fito. Taku uku ne tsakanina da shi. Na riƙe shi."

Baiwar mai warkarwa ce: sau ɗaya a kowace tafiya, yana iya tsayar da ran abokin da ya faɗi kusa da shi. Alƙali ya buɗe shafin, ko da yake ya san abin da zai tarar. Littafin ya ce abokin ya kasance kusa, bai ce komai a kan duhu ba. Amma a gefe akwai rubutunsa na shekara tara da suka wuce, biron ya fara komawa ruwan ƙasa: sai mai warkarwa yana ganin wanda ya faɗi. A ranar, maharbin Dogo ne ya faɗi a bayan katanga, aka kuma binne shi a kan wannan layin.

Ya karanta musu. Ruwa ya fara sauka a kan kwanon rufi.

"Haba Alƙali," in ji Nas, "ni a wurin aiki in aka ɗauke wuta barin marar lafiya nake yi? Da hannu nake lalubo jijiya."

"Wannan asibiti ne. Nan ga abin da aka rubuta."

"Wa ya rubuta? Ba kai ba ne?"

Dogo ya gyara zama, kujerar ta yi ƙara. "Ranka ya daɗe, in don ni ne, na yafe. Maharbin nan ma ragon banza ne, ko kaza bai taɓa harbowa ba. Ja layi a kai mu wuce."

Ba wanda ya yi dariya. Alƙali ya kalli shafin. Ya san shafuka nawa ke da irin wannan rubutun, ya san mutum nawa aka binne a kansu, kuma kowa ya haƙura ne don ya tabbata gobe haka za a yi wa wani. Ta cikin gilashin da ke bayan Dogo yana hango yayarsa ta gefe, ta dafe takardar da hannu biyu.

"Auta," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa, "ni na goya ka. Dube ni."

Ya dube ta. Ya ce, "Nas ba ta ganinsa, Yaya. Ya mutu."

Sai ya jawo durowar teburin, inda ambulan ɗin takardun waɗanda suka mutu yake, ya miƙa mata hannu. Haka ake yi wa kowa.

Yaya ta daɗe tana kallon hannun. Sannan ta mayar da takardar cikin leda, ta sa a jaka, ta ɗauki lemarta. Dogo ya tashi zai raka ta, ta ce ya zauna. Ta bi ta tsakanin gilasan ta fita cikin ruwan.

Wata bakwai ke nan. Ana ci gaba da wasan, wani ɗan'uwan Nas ya cike kujerar. Yaya tana amsa gaisuwar ƙaninta in sun haɗu a gidan dangi, tana tambayar matarsa da yara, ba ta kuma sake bi ta layin shagon ba. Da tagar kicin ɗinta ta fashe, wani ta kira daga can ƙarshen gari. Shi kuwa har yanzu yana cewa hukuncin daidai ne. Yakan faɗa wa Dogo, yakan faɗa wa masu zuwa sayen madubi da ba su san kan zancen ba, wani lokacin ma ba wanda ya tambaye shi.